Bazazzagi Zai Kai Ƙarar Wanda Bai Sani Ba

Bawana Bazazzagi, labari ya iso mana Kano. An ce ranar Juma'a ka fito daga masallaci ka tarar takalminka ya yi ƙafa, ka koma gida da silifas ɗin aro kana rantsuwa sai kotu ta raba ku. Da aka tambaye ka wa za ka kai ƙara, wai sai ka gyara zaman hula ka ce "John Doe". Illar zama kusa da Kongo ke nan. Mutum bai taɓa leƙa aji ba, amma don yana shan shayi a bakin tsangayar shari'a da ke can sai ya ɗauka saura ƙiris a ɗora masa hular lauyoyi.

To zauna ubangidanka ya karantar da kai, kuma kyauta, abin da Bakano bai saba yi ba.

Shi wannan John Doe ko suna ba a yanka masa ba. Lauyoyin Ingila ne suka ƙago shi don rikicin fili, saboda hanyar da doka ta tanada a lokacin doguwa ce mai wahala. Sai su shirya tatsuniya: wai mai fili ya ba John Doe haya, wani Richard Roe ya zo ya kore shi. Alƙali ya san ƙarya ce, lauya ya sani, amma ta nan ake bi a gano mai filin na gaskiya. A 1852 majalisa ta soke wasan, Amurkawa suka tsinci sunan suka riƙa liƙa wa duk wanda ba a san sunansa ba.

Can ɗin kuwa yana aiki, ban hana ka ba. A 1965 jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka faɗa gidan wani Webster Bivens a Brooklyn ba takardar izini, suka sa masa ankwa a gaban iyalinsa. Bai san sunan ko ɗaya ba, ya kai ƙarar jami'ai shida marasa suna, a 1971 Kotun Ƙoli ta ce yana da ikon neman diyya. Amma kafin ka yi tsalle: gwamnati tana da takardar da ke nuna waɗanda ta tura gidan, ta nan aka kai musu sammaci. Mu nan da sojoji suka ƙona gidan mawaƙin nan Fela a Legas a 1977, binciken hukuma cewa ya yi sojan da ba a sani ba ne, aka shafa fatiha. Wannan kam ba abin dariya ba ne.

Shari'ar da ta yi daidai da wuyanka ta Ingila ce. A 2013 wata ƙaramar mota Nissan Micra ta bugi motar wata mata mai suna Cameron a garin Leeds, direban ya taka wuta. An ɗauki lambar motar, an samu wanda sunansa ke kan takardunta, sai ya zamana ba shi ke tuƙi ba, kuma ya ƙi faɗin wanda ke tuƙin. Matar ta nemi a bar ta ta kai ƙarar "mutumin da ba a sani ba, wanda ya tuƙa mota mai lamba kaza ranar kaza", don kamfanin inshora ya biya. Aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli. A 2019 Mai Shari'a Sumption ya raba abin gida biyu. Akwai wanda ba ka san sunansa ba amma ka san inda yake, kamar waɗanda suka tare a gidanka ba izini. Waɗannan a manna musu sammaci a ƙofa, sun gani. Akwai kuma wanda ya ɓace ɓat, ba wata hanyar da zai ji ana nemansa. Wannan ba a yanke masa hukunci a bayan idonsa. Aka ce wa matar ta nufi asusun da kamfanonin inshora suka tara don irin wannan haɗari.

Ka ga matar nan tana da lambar mota, tana da rana da wuri, duk da haka ta faɗi. Kai me kake da shi? Lambar takalmi? Kotu ba ta damu da suna ba, damuwarta ina masinja zai miƙa takarda. Ko kotun shari'ar Musulunci ta cikin birnin Zariya ka je, tambayar farko ita ce wa kake ƙara, domin ba a sauraron da'awa a kan wanda ba a ayyana ba. In ka ce duk wanda ya yi sallah a sahun baya, surukinka ma yana ciki.

Na kuma ji kana tambaya ko za a sakaya naka sunan, kada Kanawa su ji. Ana yi. Norma McCorvey da sunan Jane Roe ta yi shari'ar zubar da ciki da aka yanke a Amurka a 1973. Sai dai alƙali kan nemi dalili mai nauyi, kamar yaro ƙarami, ko wadda aka yi wa fyaɗe, ko mai tsoron a halaka shi. Gudun dariyar Kanawa ba ya ciki, balle ma mun riga mun yi ta.

Tunda dai kotu kake marmari, ni ina da ƙarar da ba ta da wannan matsala. Shaddar da ka ɗauka bashi a rumfata ta Kantin Kwari tun kafin azumi, kana cewa "wani sati in sha Allahu". Na san sunanka, na san na mahaifinka, na san lungunku har da bishiyar da kake ɓuya a bayanta in ka hango mota mai lambar Kano. Masinja zai same ka da hantsi, kuɗin motarsa zuwa da dawowa kuma a kanka zan lissafa.