Na Kama Ɗaki Kusa da Shanu

Ana gobe zan bar Filinge zuwa Paris, Kawu ya sa aka kira ni zaure. Ya lalubi aljihun rigarsa ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsohuwar jika ɗaya. Lambar waya ce a jiki. Ya ce, "Ɗan ƙanwar matar amininmu ne na Shikal, ya daɗe a can. In ka sauka, ka kira shi tun kafin ka sha ruwan garin."

Na karɓa da hannu biyu, amma a zuciyata dariya nake. Kawu mutumin da ne. Da ƙuruciya ya yi ci-rani a Kumasi, kamar samarin Kurfai da yawa na zamaninsa, kuma har yau a ganinsa duniya duka zango ce: ka isa gari, ka tambayi inda 'yan ƙasarku suke, a kai ka wurin mai gida, a shimfiɗa maka tabarma. Ni kuwa na yi boko, ina jin Faransanci, ina da waya mai intanet. Na ce, "Kawu, ai yanzu tun daga nan ake kama ɗaki. Na ma biya."

Ya dube ni ya ce, "Ka biya ɗakin da ba ka gani ba, wurin mutumin da ba ka sani ba?" Na ce haka zamani ya zo. Ya ce, "To, Allah ya kai lafiya." Yadda ya ja wannan "to" ɗin, ya isa mai hankali ya sake tunani.

Abin da zai kai ni Paris shi ne babban baje kolin noma da kiwo da ake yi tun 1964, wanda a 2018 ya kama daga 24 ga Fabrairu zuwa 4 ga Maris. Ni mutumin dabbobi ne. Na tashi ina ganin shanun Azawak na Tukunus, jajaye masu tozo, kuma na daɗe ina son in ga na Turawa da idona. Ƙungiyarmu ta makiyaya ta ba ni kuɗin guzuri ta ce in nemi masauki da kaina, kuma tilas a samu takardar otel kafin a ba da biza. Nan dabara ta zo mini: in na samu ɗaki mai araha, abin da ya rage ya zama na tsaraba.

Na zauna da dare ina lissafi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, don haka duk farashin da na gani sai in juya shi zuwa jika, gabana ya faɗi. A tsakiyar birni kwana ɗaya kuɗin rago ne, ragon ma na layya. Sai na rubuta "Parc des Expositions", wato filin baje koli, na ce a nuna mini otel-otel na kusa. Ga wani ya fito da sunan Paris ɓaro-ɓaro a jikinsa, hoton gado fari fat, tafiyar minti goma da ƙafa zuwa filin, ga shi kusa da filin jirgin sama, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. Na biya kwana shida gaba ɗaya, irin biyan nan da ba a mayarwa, don shi ya fi sauƙi.

Daga Filinge zuwa Yamai kilomita wajen 180 ne, ta Bonkuku da Baleyara. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Charles de Gaulle awa biyar ne da wani abu. Mun sauka da asuba. A wannan makon ne wata iska ta taso daga wajajen Rasha ta rufe Turai, har ruwa na daskarewa a kan titi. Ni kuma babbar riga ce a jikina, shadda mai sitaci, da 'yar suwaita a ciki wadda ta saba yi mini maganin hunturun Dallol Bosso. Ina fita ƙofa na gane cewa abin da muke kira sanyi a gida wasan yara ne. Kunnuwana suka daina zama nawa.

Jirgin ƙasa na RER B ya sauke ni a tashar da aka rubuta Parc des Expositions, bayan 'yan mintoci kaɗan. Na yi murna da wayona. A otel wata budurwa ta ce ba a ba da ɗaki sai da rana, in ajiye jaka. Na ce babu laifi, bari in je in gaida shanu tukuna.

Na doshi filin, manyan rumfuna jere kamar ma'ajiyar hatsi ta gwamnati. Tun daga nesa wani abu ya fara damuna. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Baleyara ran Lahadi ya san ba a tambayar inda kara take, hanci ne ke kai mutum. Na ɗaga kai na shaƙi iska. Babu warin kashin shanu, babu ƙamshin harawa, babu ko kukan ɗan maraƙi. Na ce a raina, lalle Turawa sun kai, har shanunsu ba su wari.

A bakin ƙofa na tarar da mai gadi, baƙar fata, daga jin maganarsa mutumin Mali ne. Na gaishe shi na ce, "Ɗan'uwa, ta ina ake shiga wurin shanu?"

Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Waɗanne shanu?"

Na nuna masa takardar gayyata. Ya karanta, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya gama dariyarsa ya share ido ya yi mini bayani a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. Filin baje koli biyu ne. Wannan na Villepinte ne, arewa maso gabas da Paris, a wajen birni. Shanu suna Porte de Versailles, can kudu maso yamma. Wato na zo Tillaberi neman abin da ke Dosso, kuma na biya kuɗin kwana shida.

Daga ranar na zama ɗan hanya. Kullum in tashi da duhu, in shiga RER B, in ratsa Paris gaba ɗayanta ta ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya, in fito a Cité Universitaire, in hau taragon da ke bin gefen birni har Porte de Versailles. Fiye da awa ɗaya zuwa, fiye da awa ɗaya dawowa. Arahar da na yi taƙama da ita kuɗin tikiti ya dinga gutsurarta. Unguwar kuma, in unguwa ce, babu mai shayi, babu mai tsire, babu wanda za ka yi wa sallama. Motoci ne da rumfuna da iska. Karin kumallo wani ɗan burodi ne mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wanda in ka matsa shi a tafin hannu bai kai loma guda ba. Kilishin da Inna ta cusa mini a jaka ina cewa ba na so, shi ya riƙe raina.

Shanun dai na gan su, kuma ban yi da-na-sanin wannan ba. A shekarar, mutane fiye da 600,000 suka zo kallonsu a kwana tara. Na ga bijiman Charolais, farare, da suka haura tan ɗaya, suna kwance a kan ciyawa ana taje musu gashi kamar amare. Saniyar da aka buga hotonta a allunan talla a wannan shekarar 'yar jinsin Aubrac ce, sunanta Haute, idanunta zagaye da baƙi kamar ta sha kwalli. Na tsaya a gabanta na daɗe. Ita tana kwana a cikin Paris, a rumfa mai ɗumi, ni da na biya kuɗi ina kwana a bayan gari.

Dare na uku ne ya karya ni. Na gaji, na shiga jirgin komawa, ɗumi ya ratsa ni, barci ya sace ni. Abin da ban lura ba shi ne RER B yana rabuwa gida biyu a Aulnay-sous-Bois: reshe ɗaya ya nufi filin jirgin sama, ɗaya ya nufi Mitry-Claye. Na farka jirgi a tsaye, babu kowa sai ni. Na fito dandamali, sanyi ya mare ni, na karanta allo na ga sunan da ban taɓa ji ba. A nan, ina rawar ɗari cikin shaddata, na tuna wani fim na Jean Rouch, Petit à Petit, inda Damouré Zika ya je Paris yana auna Turawa da ma'auni kamar yadda su suke auna mu. Shi ya je ya auna su. Ni garin ne ya auna ni, ya ga ban cika mudu ba.

Da safe na yanke shawarar barin sauran kuɗina ga masu otel, Allah ya amfana musu. Girman kai bai bar ni na taɓa takardar Kawu ba tukuna. Wani a wurin baje kolin ya ce mini in ina son mutanenmu in nufi Château Rouge. Na fito daga ramin metro sai na ji kamar an sauke ni a kasuwar Wadata: kuɓewa, busasshen kifi, manja, atamfa, mata suna ciniki da ƙarfi. Raina ya yi fari. Na shiga ƙaramin otel na farko da na gani na kama ɗaki. Mai otel ya ce hawa na shida ne, na ce babu komai. Ban san su ba su ƙirga hawan ƙasa ba, shidansu bakwai ne, kuma babu na'urar hawa.

Na kama matakala da jaka a ka. Ina tsakanin hawa na uku da na huɗu fitila ta mutu ɗif. Na yi salati na tsaya ina jiran a dawo da wuta, kamar yadda muka saba. Na fi minti biyar a duhu har wata tsohuwa ta buɗe ƙofa ta danna wani maɓalli a bango. Ashe fitilar da kanta take mutuwa don tattali. Ɗakin kuwa, in na shimfiɗa darduma sai na ɗora jaka a kan gado, in zan kwanta sai na sauke ta a kan darduma. Banɗaki yana can ƙarshen lungu, na kowa da kowa, babu buta. Gorar ruwa na yanke wa kai. Ta taga, in na leƙa har wuya ya yi ciwo, ina hango bututun hayaƙin maƙwabta.

A daren na warware takardar. Waya ta yi ƙara biyu aka ɗauka. Ina yin sallama na faɗi sunan Kawu, sai na ji murya irin ta gida tsantsa: "Kai! Yau kwana huɗu muna jiranka. Ina ka shiga? Mi ya same ka?" Ashe Kawu ya riga ya sa an kira shi tun ranar da na tashi.

Cikin rabin awa ya iso da wata jibgegiyar rigar sanyi a hannu. Ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya ce, "Ƙanena, ɗauko jakarka." Gidansa tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa, kusa da tashar Marcadet-Poissonniers. Matarsa ta ajiye mini tuwo da miyar kuka. Sai da na ci na koma mutum sannan ya ɗauko biro ya zana mini Paris a bayan ambulan. Gunduma ashirin ce, an nannaɗe su daga tsakiya zuwa waje kamar gammo. Duk adireshin da lambarsa ta fara da 75, cikin birni yake, kuma lambobi biyu na ƙarshe su ne gundumar: 75018 nan inda muke, 75015 wurin shanu, 75116 inda ofishin jakadancin Nijar yake. Ya ce in nuna masa takardar otel ɗina na farko. Lambar ta fara da 93. Ya ce, "Ka ga, ba su ɓoye maka komai ba. Sunan Paris kowa na iya manna wa ƙofarsa. Kafin ka dubi hoton gado, ka dubi lamba, ka dubi layin metro, ka tambaya ko akwai na'urar hawa. Kafin wannan duka kuma, ka tambayi mutum." Daga ƙofar gidansa layi na 12 yake tafiya kai tsaye har Porte de Versailles, ba sauka ba canji.

Na kwana biyu a falonsa ban biya ko dala ba. Kuɗin masaukin sai ranar tafiya ya fito: akwati guda cike da saƙo, na Shikal daban, na Tunfalis daban, na wata gwaggo a Bonkuku daban, kowane ƙulli da suna a jiki. Mako biyu na yi ina rabo a kan babur.

Da na je gaida Kawu, na tarar labarin ya riga ni isowa, har da na fitilar matakala. Bai ce mini komai a kai ba. Ya miƙo hannu na mayar masa da takardarsa, ya ninke ta ya mayar aljihu. Sannan ya ce, "To, shanun nasu, yaya tozonsu?"

Na ce, "Kawu, ai ba su da tozo."

Ya yi shiru yana kallona. Can ya ce, "Duk wannan wahala, saniyar ma ba ta da tozo?"