Jinsunan Masu Neman Katin Hoto a Kankiya da Kusada

Katin hoto, wanda 'yan kasuwar kwamfuta ke kira girafik, wani faranti ne mai fanka da ake sokawa a cikin akwatin kwamfutar tebur domin ya ɗauke wa ƙwaƙwalwarta nauyin zana abin da ke bayyana a allo, kuma shi ke yanke hukuncin ko ɗan ƙwallon da ke cikin wasa zai ruga kamar barewa ko zai riƙa ɗingishi kamar mai sanyin ƙashi. Kamfanoni biyu na Amurka, Nvidia da AMD, su suka fi rinjaye a sana'ar. Matashin Kankiya ko na Kusada da ke son wannan kaya galibi sai ya bi motar Kano zuwa titin Beirut, ko ya yi aike zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, kuma a tazarar da ke tsakanin sha'awa da saye ne halin kowa ke fitowa fili.

Wanda ya fi kowa suna shi ne malamin lambobi, wanda majalisarsa ke teburin mai shayi a bakin titin Katsina zuwa Kano. Ya haddace cewa RTX 4090 ya fito a 2022 da gigabayit 24 na ma'ajiyar hoto, wato rumbun da kati ke tara siffofin wasa kafin ya zana su, cewa RTX 5090 ya biyo baya a farkon 2025 da gigabayit 32, kuma yana iya raba gardama tsakanin katuna biyu da bai taɓa ganin ko kwalinsu ba. Duk wanda ya sayi kati, a fatawarsa ya yi kuskure: in na Nvidia ne an cuce shi a kuɗi, in na AMD ne zafi zai kashe shi. Abin lura shi ne duk wannan ilimi a cikin wayar da gilashinta ya tsage yake, domin malamin bai mallaki kwamfuta ba, kuma idan aka tambaye shi dalili sai ya ce har yanzu ba a ƙera katin da ya dace da shi ba.

Kusa da shi a benci ɗaya akwai mai jiran dala ta sauka. Ya fara tara kuɗin GTX 1060 tun katin yana sabo a 2016, ya ce a bari farashi ya faɗi, har aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin da ya tara suka koma na sayen fankar katin kawai. Yana nan yana jira.

Jinsin da ya fi cancantar nazari shi ne mai ɗaura wa jaki sirdin doki. Kwamfutarsa tsohuwar Dell ce ko HP ta gwanjo, irin siririyar nan da ta gama aikin ofis a Turai, wadda akwatin rarraba wutarta bai fi ƙarfin wat ɗari biyu da 'yan kai ba. Wat kuwa shi ne ma'aunin wutar da na'ura ke sha. Irin wannan kwamfuta abin da ya dace da ita shi ne gajeren samfurin GTX 1050 Ti ko GTX 1650, waɗanda ba su wuce wat 75 ba kuma ramin da aka soka su ya isa ya ciyar da su. Shi kuwa sai ya dawo daga Kano da RTX 3060 mai neman wat 170 da wayar wuta ta musamman, ya tarar murfin akwati ya ƙi rufuwa, wayar kuma babu inda za ta fito. A nan ne ake gayyato mai walda ya yanke gefen akwatin, a sayo wani akwatin wutar a ajiye shi a waje bisa bulo, wayoyi na reto kamar kayan cikin akuya ranar Sallah. Bayan duk wannan tiyata wasan ba ya gudu yadda aka zata, saboda tsohuwar ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta iya aiko wa kati aiki da saurin da yake gamawa, sai ya zauna yana hamma kamar leburan da ke jiran magini ɗaya.

Mai neman araha shi ma yana da nasa babi, ko da yake Hausawa sun riga sun gama masa magana da suka ce araha ba ta ado. Shi ke samo GTX 1050 Ti a rabin kuɗi, sai manhajar GPU-Z, mai tona asirin abin da ke cikin kati, ta nuna cewa tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa suna, tamkar tsohon ragon da aka rina wa gashi. In ya tsira daga wannan, sai ya faɗa hannun RX 580 da ya shekara biyar yana haƙar kuɗin intanet dare da rana a wani sito a Sin, irin waɗanda suka cika kasuwannin duniya bayan da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet ɗin, ta daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022. Mai kaya ya rantse masa cewa wata tsohuwa ce ke amfani da shi, ita ma sai ranar Lahadi.

Ɗan gidan alhaji ba shi da matsalar kuɗi, matsalarsa KEDCO ce, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, wanda har yau ake kiransa NEPA idan ya ɗauke. Katinsa na RTX 4090 shi kaɗai yana iya shan wat 450, abin da ke sa ƙaramin janareta ya canza murya da zarar an shiga filin wasa, fitilun gidan su yi ja, hajiya ta aiko a tambaya ko guga aka kunna. Katin yana iya zana hoto ɗari biyu a daƙiƙa ɗaya, amma talabijin ɗin falon sittin kawai yake nunawa, kuma wasan da ake yi bai wuce ƙwallon eFootball ba, inda ɗan maƙwabta mai GTX 750 Ti na 2014 ke zuwa ya zura masa uku ba ko ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, katin kan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, da hunturu kuma ƙura ta toshe fankokinsa, sai a kai shi wurin mai faci a busa masa iskar taya.

Mai laftof da ke yawo yana neman ramin da zai soka kati ba ya buƙatar dogon bayani, tun da nasa a manne yake da allon ciki kuma sai dai a sauya na'urar ɗungurungum.

Akwai kuma wanda bai taɓa riƙe abin wasa ba amma da kuɗinsa ake duk wannan hidima, wato uba. An durƙusa an gaya masa, "Baba, jarrabawar JAMB yanzu da kwamfuta ake yi, kuma ba ta buɗewa sai da girafik," rabin farko na maganar gaskiya ne tun 2015, rabin ƙarshe kuma ƙirƙirar ɗansa ce. Ya kai rago biyu kasuwar Charanchi, ya ƙara da buhun gero, ya sa albarka. Tun daga ranar yake alfahari a ƙofar masallaci cewa yaron nan ba ya barci saboda karatu, domin har ƙarfe biyun dare ana jiyo shi daga ɗaki yana ihu, kuma da aka tambaye shi wane darasi ne ke da ƙarar bindiga haka, sai ya ce ai yaron tarihi zai karanta.