Alhaji, Gwiwar Nan Ta Aro Ce

Na san tun ban rufe baki ba wani a kasuwar Kwanar Gafan zai ce ga ɗan boko ya kwaso zancen Turawa. Ajiye kwandon tumatirin tukuna, Alhaji. Zancen gidajen da kuke ta zubawa ne da kuɗin shinkafa daga Chiromawa har Kadawa, da kuma tsohon da zai zauna a ciki nan da shekara talatin. Kada ka waiga, da kai nake.

An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Bako. Saurayin da yake ɗan ashirin a lokacin, yau ya haura saba'in. Shi ya koya muku dashe da ban ruwa, kuma shekara hamsin na tsayuwa cikin laka sun karɓi rabonsu a gwiwarsa da ƙugunsa. To me kuka saka masa da shi? Kaka ta yi kyau, kuka rushe ɗakinsa na azara mai sanyi, kuka ɗora bulo da kwano babu silin, ga shi nan yana dahuwa a watan Afrilu yana sa muku albarka. Kuka ɗaga harsashi sama. Wannan kam da hujjarku, don a ƙasar noman rani ruwa na kusa, danshi kuma cin gindin katanga yake yi. Amma sai aka yi matakala huɗu babu abin dafawa, aka shimfiɗa tayil mai ƙyalli wanda ruwan buta ɗaya ya isa ya kai mutum asibiti. Masai kuwa yana can ƙuryar gida, na tsuguno, bayan turken tumaki.

"Mu ai ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, muna da 'ya'ya da jikoki." Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma ku gaya mini, wa ke gida ranar yankan shinkafa? Samari suna gona, yara suna makaranta, wani yana Kano yana jan Adaidaita, mata suna bakin tukunyar gumi. Saura suruka. Dattijon da ya riƙe girmansa shekara saba'in ya gwammace ya daina shan ruwa tun la'asar da ya ce wa matar ɗansa ta kama shi zuwa bayan gida. Ku lura da kofin Baba da yamma, yadda yake ture shi gefe yana cewa ba ya jin ƙishi. Ba ƙishin ne babu ba, nisan masai yake aunawa, da duhu, da matakalar nan taku.

Ga wani can yana cewa, "Malam, ba a san gawar fari ba." Gaskiya ne. Sai dai na ga ka dasa mangwaro, ka sayi fuloti biyu a bakin titin Zariya, kuma duk wanda ya ce maka Allah ya ja kwana, amin ɗinka har maƙwabta ke ji. In an amsa addu'ar fa?

Mai kukan kuɗi shi ya fi ba ni dariya, don abin da nake faɗa bai kai kuɗin ƙofar get ɗinsa mai zanen zinare ba. A faɗaɗa ƙofar ɗaki yadda mutum biyu za su shiga kafaɗa da kafaɗa, ko keken marasa lafiya. A sassauta dokin ƙofa, a yi gangara a gefen matakala. Daɓen siminti mai kaushi ya fi tayil arha. Mai walda a Kura zai kafa maka bututun ƙarfe a jikin bango da la'asar ɗaya. Ka bar lungu a jikin ɗaki, ka binne bututun ruwa tun yanzu, ranar da gwiwa ta yi gardama sai a tada masai na zama da bulo kaɗan. Taga da raga, tunda sauron bakin kanal bai san rani ba, da ƙwan sola guda a hanya. Ɗakin kuma ya kusanci zaure, inda tsoho zai ji sallama, ya fito dakali ya yi wa farashin taki tsiya tare da tsaransa. Wanda aka kai can ƙurya wai don ya huta, kaɗaici kan riga ciwo kama shi.

Abin haushin, kakanninku sun fi ku iya wannan. Gidan ƙasa yana tafiya da shekarun mai shi: a toshe ƙofa nan, a huda can, a yanka wa tsohuwa ɗaki kusa da madafa. Siminti kuwa in ya bushe ya gama magana, gyaransa sai da guduma da sabon kuɗi.

A Japan kusan mutum uku cikin goma sun wuce shekara 65, kuma tun 2000 inshorar kula da tsofaffi take biyan kuɗin kafa abin dafawa da rage tudun ƙofa a gidajen da aka gina ba da tunanin tsufa ba. Mu ma an sa hannu kan dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Wanda zai zauna jiran Abuja ta zo Yadakwari ta sassauta masa dokin ƙofa, Allah ya ba shi haƙuri. Kwamitocin masallatai ma su duba tsayin matakalarsu, don sahun farko na asuba masu sanda ne suka fi cika shi.

Shi kuma Alhajin da ya kai turakarsa saman bene don mutanen Bunkure su hango, ban ce komai ba. Ɗakin ƙasan nan da ya cika da buhunan taki dai a riƙa share shi, kada a bar ɓera ya saba, mai shi na nan saukowa.