Masu Duba Mota a Tsaye

Wata biyu na yi ina zaryar wani filin sayar da motoci a Kano, ina neman wadda za ta kwashe ni da uwargida da yara biyar, har da goggo idan ta zo ganin likita. Kuɗina bai kai ba, saboda haka yawancin lokacin a kan benci na yi shi, gindin darbejiya, ina kallon waɗanda nasu ya kai. A nan na lura mota fuska shida gare ta, amma biyar mutanenmu suke dubawa. Ta shidan tana kallon kwalta, kuma ita ke goye da sauran.

Muna da ɗan uzuri, don mu mutanen busasshiyar ƙasa ne. Fijo 504 haɗin Kaduna sai rana ta cinye fentinta, kujeru su yage, ƙarfen ƙasa yana nan daram. Waɗannan da muke kira Beljiyam kuwa, da yawansu daga Amurka da Kanada suke. A jihohi irin su Michigan da Ohio, idan hunturu ya kankama, gishiri ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, taya kuma ta fantsama ruwan gishirin a kowane lungu na ƙasan mota. Duk wanda ya taɓa mance cokalin ƙarfe a kwanon gishiri ya san sauran labarin. Bayan shekara goma a wanke ta, a ɗora a jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano tana ƙyalli kamar amarya.

Cikin masu zuwa duba mota a filin, Alhaji mai babbar riga shi ya fi yawa. Shaddarsa ta sha bugu, ba za ta taɓa ƙasa saboda mota ba. Zai zagaya, ya ƙwanƙwasa bonet kamar mai zaɓen kankana, sannan ya harbi taya da takalmi. Har yau ban sami wanda ya gaya mini abin da taya ke faɗa wa ƙafa ba. Idan wani ya ce a leƙa ƙasa, sai ya juya wurin ɗansa mai shekara tara: "Kai, duba mana." Yaro ya sunkuya, ya ɗago: "Baba, akwai duhu." Shi ke nan, bincike ya kammala, a kawo takardun kwastan.

Ƙaninsa shi ne mai neman sanyi. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya kunna na'urar sanyi, ya lumshe ido. In sanyin ya ratsa shi, to mota lafiyarta ƙalau, ko da igiya aka ɗaure tankin mai.

Dillali ba mai saye ba ne, amma ba a yin wannan taro babu shi. Kowace mota a bakinsa wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci, daga coci sai gida. Na ƙirga a benci, tsohuwar nan mota goma sha ɗaya ta mallaka a filin. Shi kaɗai ne ma ke gayyatarka ka leƙa ƙasa, in ya san an shirya wurin: "Ranka ya daɗe, duba da kanka, ko ƙura babu." Ka ga ko'ina baƙi wuluk yana sheƙi. Motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo, a ce ƙasanta ya fi samanta sabunta? Shafa yatsa ka gani, baƙin zai biyo ka gida. Akwai maganin tsatsa na gaskiya da masu mota ke fesawa a can, amma shi ya tsufa tare da motar, ya sha ƙura. Wanda ke warin sabon fenti, jiya da yamma aka yi shi.

Sai matsoraci, wanda ya ji labarin tsatsa ya firgita. Da ya hango ja-ja a jikin salansa sai ya yi salati ya kama hanya. Ai tsatsa iri-iri ce. Akwai ta sama-sama, kamar ƙurar harmatan a jikin ƙarfe, ka kankare ka tarar da ƙarfe lafiyayye. Wannan kowace tsohuwar mota tana da ita. Akwai wadda ta kumbura tana ɓamɓarowa sala-sala kamar ɓawon itace, ita ce ake zama a yi shawara a kanta. Akwai kuma wadda ta riga ta huda. Matsoraci duk kuɗin goro yake musu. Motar kirki da ya gudu ya bari, kafin la'asar wani ya saye ta da rangwame.

Masanin waya yana burge ni, har ga Allah. Yakan kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17, ya zuba a intanet, wani lokaci har ya zaƙulo hoton motar a filin gwanjo na Amurka da gaba a murƙushe. Wannan aiki ne mai amfani. Wani daga cikinsu ya tsaya gefen wata Sienna yana ba mu labarin yadda a 2010 kamfanin Toyota ya yi kiranyen wajen Sienna 600,000, saboda gishiri na cin wayar ƙarfen da ke riƙe da safaya taya a ƙasa, har taya kan iya faɗowa a kan hanya. Gaskiya ya faɗa. Safayar motar da yake jingine da ita tana nan kamu biyu daga ƙafarsa, har ya tafi bai leƙa ta ba.

Bakaniken rakiya kuwa, lura da gaisuwarsa. In ka ga shi da dillali sun tafa har da tambayar jikin inna, to la'ada biyu za ka biya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne gwanin kushe. Shi yana leƙawa, yana kuma ganin tsatsar, amma makamin ciniki ya ɗauke ta. "Wannan ai ta 'yan gwangwan ce!" Dillali ya ce albarka, ya ƙara kushewa, a ja a ja, a rage masa ɗan abu, ya tafi yana taƙama ya ci riba. Bai tambayi a ina tsatsar take ba. Inji ya mutu, ana samun wani a Ƙofar Ruwa. Giya haka, ƙofa haka, salansa kuwa aikin yini ɗaya ne. Amma in ta ci ƙarfen da inji ke zaune a kai, ko mazaunin shokozoba, mai walda ma sai ya sami lafiyayyen ƙarfe kafin ya liƙa faci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai shi wannan iyalinsa zai zuba a ciki.

Hajiya ba ta san shasi ba, hanci gare ta. Ta ƙirga kujeru, ta ja bel ɗin baya har ƙarshe don ta ga ko zai riƙe yaro, sai ga layin laka a jikinsa. "Alhaji, motar nan warin ruma take yi." A 2017 ambaliyar guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma irin waɗannan motoci ba duka ake rugurgujewa ba, wasu jirgi suke hawa. Alhaji ya ce, "Hajiya, wannan maganar maza ce." Dillali ya ƙara fesa turare.

Mutum ɗaya na gani yana yin abin yadda ya kamata, wani tsohon direban tirela da kowa ke kira Baba. Kayan aikinsa tabarma, tocila, sukudireba, da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Yakan shimfiɗa tabarma ya shige, ƙafafu kawai a waje. Ya bi ƙasan ƙofofi, ya bi siririn bututun man birki daga gaba zuwa baya, ya taɓa ɗamarar tankin mai, ya caka sukudireba duk inda ya ga kumburi. In ƙarfe ya yi ƙara, ya wuce. In ya ji taushi kamar gurasa, ya fito. A jikin bodi kuma ya manna maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ƙullin fila ne aka cusa aka shafe da fenti. Hukuncinsa bai wuce kalma uku ba: "Ta sha gishiri." Dillalai suna ganinsa suke tuna suna da uzuri a masallaci.

Ni kuwa ranar da kuɗina ya cika Juma'a ce, ina cikin fararen kaya, Baba kuma ya tafi ɗaurin aure. Na zagaya, na ƙwanƙwasa, kuma kada in ɓoye muku, na harbi taya. Wata uku bayan nan, muna tsakanin Kano da Zariya, autana ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya ce, "Baba, ina ganin titi yana gudu." Mai walda ya toshe wurin da guntun tsohuwar ƙofar firji. Yaron har yau yana fushi da ni, don ta nan yake zubar da ɓawon gyaɗa.