Jif Ɗinka Ba Ta da Oyil-kula? Sha Ruwa Tukuna, Alhaji

Alhaji, ranka ya daɗe, kafin ka kira dillalin da ya sayar maka da motar nan ka yi masa Allah-ya-isa, sha ruwa tukuna. Na san abin da ya faru. Bakanike ya leƙa ƙarƙashin Highlander ɗinka, ya ɗago yana girgiza kai, ya ce ba ta da oyil-kula, alhali ta abokinka na Birnin Kebbi, shekara ɗaya, inji ɗaya, har fenti ɗaya, tana da ita. Tun ranar ko tuwo ba ya wuce maka da daɗi. To, ba wanda ya kwance maka komai, ko a Kwatano ko a Legas. Haka ta baro gidan ubanta.

Ga masu gyaɗa kai don kada a ce ba su gane ba: oyil-kula wata 'yar na'ura ce da baƙin mai ke ratsawa ya sauke zafi kafin ya koma cikin inji. Akwai mai siffar ƙaramar lagireto, ana kafa ta a gaba iska na dukanta. Akwai kuma wadda ba kowa ke ganinta ba, 'yan faifan ƙarfe ne a jere cikin akwati, galibi dab da inda ake ɗaura filta. Baƙin mai yana bin layinsa, ruwan lagireto yana bin na kusa da shi, ƙarfe ne kawai tsakaninsu. Ruwa ya karɓi zafin ya kai wa lagireto, lagireto ta miƙa wa iska.

Na ji wani daga bencin baya yana cewa, "To mi ruwan baƙin mai da sanyi? Aikinai santsi." Malam, santsin rabin aikin ne. Ruwan lagireto yana zagaya kan inji da bangon silinda, amma ba ya isa ƙarƙashin fistin, ba ya isa karanshaf da metal ɗinsa. Can ƙasa baƙin mai ne kaɗai ke kwaso zafi. Yana jin daɗin aiki tsakanin digiri 90 da 110 a ma'aunin Salshiyos. In ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya tsinke, shimfiɗar da ke hana ƙarfe cin ƙarfe ta sirance, shi kuma ya soma tsufa da gudu. Masu nazarin man inji suna ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Allurar nan kuwa da kake kallo bayan sitiyari kana hamdala don tana tsakiya, zafin ruwa take gaya maka. A yawancin motoci ba ta san halin da mai yake ciki ba.

"Madalla, ka ba ni gaskiya da bakinka," in ji Alhaji. "In abin na da amfani hakanga, don mi ba su sa ma kowace ba?"

Don mai ƙera mota ba ya kyauta, kuma kafin ya ɗaura ƙusa ɗaya sai ya tambayi aikin da motar za ta yi. Ɗauki irin taka, mai silinda shida da lita 3.5, wadda aka sayar a Amurka daga 2008 zuwa 2013. Wadda ba a sa wa kayan jan tirela ba, fam 2,000 aka yarje mata ta ja, wajen kilo 900. Wadda aka sa wa, ta zo da lagireto mai ƙarfi, da fanka mai ƙarfi, da abin sanyaya man giya, da oyil-kula, sai nauyin ya tashi fam 5,000, kusan kilo 2,270. Abokinka ya gaji motar wani Ba'amurke mai jan kwalekwale zuwa tafki ranar hutu. Kai kuwa ka gaji ta wata baiwar Allah da ba ta taɓa ɗora mata abin da ya wuce 'ya'yanta da ledar cefane ba. Ba ta san akwai gari mai suna Augie ba, balle ta yi maka tanadi.

Injin fetur da ke tafiya a kwalta da lodi daidai misali, iskar da ke bi ta ƙarƙashi tana shafar kwanon mai ta ishe shi. Kuma sanyin ma ba kullum ne alheri ba. Man da ba ya yin zafi sosai ba ya iya korar raɓar ruwa da ɗigon fetur da ke zurarewa cikinsa, sai ya yi ta tara dagwalo. A nan oyil-kula irin mai ruwa ta fi wayo: da safe ruwa ya riga mai ɗumi, sai ta ɗumama man, in rana ta take kuma ta sanyaya shi.

Ga wani abin da zai sanyaya maka rai. Duk ƙarin da aka yi wa inji, an ƙara ƙofar yoyo. A wannan injin dai, a Highlander da Sienna da RX350 na wajejen 2007 zuwa 2011, bututun oyil-kular yana da gaɓar roba da kan fashe ta zubar da mai cikin ɗan lokaci, har Toyota ta tsawaita garanti a kansa ta koma na ƙarfe zalla. Don haka kai je ka yi barcinka. Abokin naka da ke yi maka dariya shi ya kamata ya kwanta ƙarƙashin tasa da tocila, ya ga roba ce ko ƙarfe.

Baba direba yana ta murmushi tun ɗazu. "Yaro, mun yi shekaru muna jan akori-kura Fijo daga Argungu zuwa Sakkwato, buhuna har bisa rufi, ba mu san wata oyil-kula ba." Gaskiya ne Baba, wane ni in musa maka. Amma 504 ɗin Kaduna injinta bai kai doki ɗari ba, na Alhaji kuwa doki 270 ne, kuma zafi yana bin ƙarfi ne. Sannan, Allah ya ba ka haƙuri, ka tsallake wani ɓangare na labarin: jarkar ruwan da yaron motarka ke runguma, da tsayuwar da kuke yi gindin bishiya a ɗaga bonet, fasinja su yi sallar da lokacinta bai gama yi ba. Tun da ka tuno zamanin da, tuna da Beetle da aka soma harhaɗawa a Legas a 1975. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa ko cokali, amma tana da oyil-kula tsaye cikin rumfar fankarta, don mai da iska ne kaɗai ke riƙe da ranta. Abin ba iyayin yaran zamani ba ne, Baba, ya girmi lasin ɗin wasu.

Wani manomi zai ce ga injin ban-ruwa can yana kuka a fadama duk rani, ba lagireto, ba oyil-kula, ko filtar mai babu, kuma man cikinsa bai cika lita guda ba. Haka ne. Ƙarami ne, iska na zagaye shi ta ko'ina, kuma littafinsa ya ce a yi masa juye kusan kowace awa ɗari ta aiki. Kuɗin na'urar da ba a sa masa ba, a man juye ake biyansa. Wanda ya ce ai man da sauransa tun da bai ƙare ba, shi ne kake gani da inji a bayan babur ranar kasuwa.

Sai mai Hilux mai shan gas, wanda ya ce ya duba gaban tasa bai ga komai ba, kuma lafiya lau take. Ɗan'uwa, tana da ita, shi ya sa take lafiya lau. Tana manne a gefen inji ƙarƙashin murfi, kusa da filta, kana wuce ta kullum ba ku gaisa ba. Injin dizal mai tobo ba ya wasa da wannan. Tobo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri ke tura shi, baƙin mai ne kuma ke shiga tsakiyarsa ya fito da zafin. Ga kuma 'yan bututu da ke fesa mai a ƙarƙashin kowane fistin don kada kansa ya ƙone. Man da aka ɗora wa wannan aiki dole a nema masa inda zai huce. Ko Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, da ba ta da tobo, da ita ta zo, don an ƙera ta ne domin ta wuni tana ja. Manyan tireloli da tifofi kuwa ba a ma tambaya.

Taubashina Bakatsine fa, tun da aka fara maganar nan yake zagaya jif ɗinsa yana nuna wa jama'a wata lagireto a gaba yana cewa ga tasa. Kawu, wannan ta esi ce. Ta kusa da ita ta man giya ce, in kuma dizal ce mai tobo, faffaɗar nan ta sanyaya iskar da inji ke shaƙa ce. Bi tiyon da hannu ka ga inda ya nufa. In bai koma wajen filta ba, ka rufe bonet ka yi shiru, Kabawa na kallonka.

Yanzu, Alhaji, bari in karɓe rabin sanyin da na ba ka. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ga Labana na saye a can, ga WACOT ta buɗe a Argungu a 2017, duk abin da ke da taya huɗu a kwarin Rima ya zama motar lodi. An gan ka. Ka kwantar da kujerun baya, ka cika ta da buhunan shanshera, ka nufo tudu daga fadama cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Taya na nutsewa cikin rairayi, kana giya ta ɗaya, ƙafarka na kan totur, inji na kururuwa, motar kuwa ko mai jaki zai iya wuce ta. Inji yana aikin gudun kilomita ɗari, iskar da ke shiga gaba ta mai tafiya a ƙasa ce. Ƙaiƙayi da laka sun riga sun toshe rabin haƙoran lagireto. Ba ka ɗaura tirela a baya ba, amma a wajen baƙin mai duk ɗaya ne. Wannan shi ne aikin da waccan baiwar Allah ta ce motarta ba za ta yi ba.

Masu oyil-kula kuma kada su yi saurin taka rawa, don a nan kusa mu muke kashe ta da hannunmu. Ruwan rijiya da na gulbi da ake ɗura wa lagireto ba su da maganin tsatsa irin na ruwan lagireto mai launi. A hankali suke cin 'yan faifan nan har su huda. Da yake matsin mai ya fi na ruwa in inji na aiki, mai ne ke kutsawa cikin ruwa, ka buɗe murfin lagireto ka tarar da abu kamar kunun gyaɗa. Nan take bakanike zai ce gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ya fara kwance kai. Oga, dakata. Gwada oyil-kular tukuna, kwance ta ya fi sauƙi kuma ya fi araha, sau da yawa kuma ita ce mai laifin.

Na san amsarka, Oga, na sha jin ta a gareji: "Mu tsallake ta kawai, wagga kayan ƙasar sanyi ce." Haka ka ce da tamostat ka jefar da shi. Na tamostat ma ban yarda ba, amma aƙalla na gane inda tunanin ya fito. Abin da aka yi musamman don rage zafi fa, ta yaya ya zama kayan ƙasar sanyi? In mutumin Jamus da ke sa rigar sanyi wata shida yana buƙatarta a dizal ɗinsa, mai lodi a Augie ne zai yafe?

Saura tambayar da ke cin Alhaji: a sayo a ɗaura? In tafiyarka daga gida zuwa ofis ce, da ɗaurin aure a Argungu, da kallon kamun kifi a Matan Fada in an yi bikin, bar kuɗinka a aljihu. Yi juye kafin lokacin da littafi ya faɗa, don an rubuta lokacin ne ba da ƙurarmu ba. Sa man da aka ce, a wanke haƙoran lagireto bayan girbi, a daina ba ta ruwan rijiya. In kuwa ka ƙudura sai ta ci gaba da dako, to a ɗaura mai kyau, mai bawul ɗin da ke buɗewa sai mai ya yi zafi, da tiyon da aka yi don mai, ba guntun tiyon ban-ruwa da wayar ɗaure kara ba. Tiyon banza in ya fashe a hanyar Augie, kafin ka gama karanta jar fitilar da ta kunnu inji ya buga. A duba abin sanyaya man giya ma, don giya mai canza kanta takan riga inji jigata a cikin rairayi.

Ko kuma, ranka ya daɗe, ka ɗauki hayar Canter ta kwaso maka shinkafar, kai ka biyo ta a baya da esi a kunne. Na san ba za ka yi ba. Na ga buhunan da ka jera a ƙofar gida.