Masu Neman Tuwon Dare a Bakin Gidan Zoo

Duk wanda ya san ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, wato Batsari da Safana da ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, ya san cewa mutanenta ba su saba barin gida domin kallo kurum ba. In ka ga magidanci ya ɗaura niyyar tafiya, to, ko kasuwa ce, ko ta'aziyya, ko asibiti, ko kuwa cin rani bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Amma da yake yara sun ga zaki da jimina da lilo a wayar hannu, kuma naci ya fi sihiri, sai ga shi yanzu akan sami wanda zai tara iyalinsa kwana biyu bayan ƙaramar Salla, ya ce za a je Kano a ga Gidan Zoo, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, da ya riƙi jihar daga 1967 zuwa 1975. Kuɗin mota tun cikin azumi aka lissafa shi, domin tun da aka janye tallafin mai a 2023 ba mai hawa mota da ka. Kuɗin shiga an ware. Har na mai hoto an tanada. Abin da ake mantawa shi ne tuwon dare, alhali kuwa halin da hanyoyinmu suke ciki bai bar wa mai hankali damar kama hanyar Batsari ko ta Runka bayan faɗuwar rana ba. Kwana a birni ya zama wajibi ke nan, ciki kuwa ba a yi masa ƙasaru, komai nisan tafiya.

To, a bakin ƙofar nan, tsakanin La'asar sakaliya da Magariba, sa'ad da ƙafafu suka gaji, yara suka fara ƙananan koke-koke, a nan ne halayen maza suke bayyana.

Akwai mai guzuri, wanda ya yi imani cewa duk abincin da aka saya a birni zalunci ne ga aljihu. Tun daren jiya ya sa an turara dambun zogale, an dafa rogo, an daka ƙuli-ƙuli da yaji, an ƙulla dawo, an cika jarka da nono, sa'an nan aka ɗora wa ƙaramar yarinya kwano a cinya ta riƙe shi daga Safana zuwa Dutsin-Ma, daga Dutsin-Ma zuwa Kankiya, daga can har Bichi. Sai dai a shekarun nan Salla cikin bazara take faɗowa, kuma dambu bai san darajar tattali ba. In aka buɗe kwano da Magariba, uwargida ta kau da kai, shi kuwa ya sunsuna ya yanke hukunci: "Lafiyarsa lau, ƙamshin zogale ne." Abin da ya hana mai tuwo da dare, mai kemis zai karɓe shi da safe. Amma a yi masa adalci: rogo da ƙuli ba su taɓa cin amanar matafiyi ba, da a kansu ya tsaya da ya tsira.

Na biye da shi ya fi shi hikima nesa ba kusa ba, shi ne mai zumuncin Magariba. Wannan bawan Allah yana da ɗan ƙanwar mahaifiyarsa a Kurna ko a Ɗorayi, wanda shekara da shekaru ko gaisuwar waya ba ta haɗa su ba. Amma da zarar ladan ya ɗaga murya, sai falalar sada zumunci ta sauko masa gaba ɗaya, ya tuna cewa mai yanke shi yana cikin haɗari babba ranar gobe. Ba ya isa da wuri, kada a ce ya zo wuni, ba ya kuma makara, kada ya tarar an wanke tukunya. Daidai lokacin da ake kwashe tuwo za ka ji sallamarsa, mutum tara a bayansa.

"Yaya, wallahi na ce haram ne in shigo Kano in fita ban gaishe ku ba."

"Lale, lale da mutanen Ruma! A kawo tabarma!"

"Don Allah kada a wahalar da Hajiya, a ƙoshe muke," in ji shi, yana naɗe hannun riga, idonsa na neman buta.

Can cikin gida kuwa Hajiya tana ƙara wa miya ruwa, tana faɗin abin da ba za a rubuta a jarida ba. Mutumin nan la'alla bai iya kawo farillan alwala a jere ba, amma mas'alar haƙƙin baƙo na kwana uku ya haddace ta da sharhinta. Tsarabarsa ƙullin kuka ne da daddawa, kuma zai ambace su sau uku kafin a kwanta.

Sai jagora, wanda ya taɓa cin rani a Fagge yana tura kurar ruwa, tun kafin a hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin a 2013, wanda kuma tun daga ranar yake ba da fatawa a kan Kano a majalisar garinsu ba mai ja da shi. Ya san wata Hajiya mai tuwo, malmalarta kamar kan jariri, kuɗinta kuwa sadaka ne kawai. A ɗauki Adaidaita Sahu biyu, a hau gadar da bai san an gina ba, a sauka a inda bai nufa ba, a tambayi mai rake, a tambayi mai faci, daga bisani a iske shagon sayar da waya a gurbin rumfar Hajiya. Kuɗin da aka ba 'yan Adaidaita ya isa kowa ya ci kaza. Shi kuwa ba abin da zai ce sai, "Kano ta lalace."

Amma wanda na fi tausaya wa shi ne Alhajin da ya sayar da wake da tsada, ya saka babbar riga mai aiki, ya ƙudurta cewa yau iyalinsa za su san ko shi wane ne. Ya zarce gidan abinci mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, yaro mai ɗamara ya miƙo masa takardar abinci da Turanci, shi kuwa a shari'arsa tambayar farashi a gaban mata ƙasƙanci ne, saboda haka sai ya ɗora yatsa a kan sunan da ya fi tsawo, ya ce a kawo. Bayan jiran da ya isa a yi sallar tarawihi, sai ga faranti mai faɗi, a tsakiyarsa ɗan tsibin kabeji da latas an yarfa musu farin abu, ganyen da a ƙauyen Wagini ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Yara suna ta buɗe ruwan roba, ba su san kowace gora da lissafinta ba. Amarya ta nemi ƙarin kaza. Da takardar kuɗi ta zo, har da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da aka ɗora tun 2020, sai Alhaji ya karanta ta daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama, ya yi istirja'i a ɓoye, ya zare hula ya share gumi a cikin sanyin nan. A 2019 labari ya bazu cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 na kuɗin shiga Gidan Zoo, har gwamna ya fito ya ce babu goggon biri a gidan. Alhaji dai tun daga daren nan ya gaskata labarin, illa iyaka ya ce an yi kuskuren adireshi, dabbar tana tsallaken titi.

Malam mai tsantseni shi nasa sha'anin na ilimi ne. Kowace rumfa aka nuna masa sai ya tambaya wa ya yanka, ya fuskanci alƙibla ko bai fuskanta ba, ya ambaci sunan Allah ko ya sha'afa, har ya kawo abin da ya tuna daga Risala da Iziyya a kan barin shubuha, a cikin birnin da mahautansa suka gaji sana'ar kaka da kakanni cikin Musulunci. Ƙarshenta ya kai iyali teburin mai shayi, da yake burodi ba ya bukatar yanka. Amma in wani almajirinsa ya ci karo da su ya sayo tsire mai zafi a takarda, nan take mas'ala takan yi sauƙi, Malam ya tuna cewa kyautata wa Musulmi zato wajibi ne, ya sa hannu.

Ba zan daɗe a kan mai ciniki ba, wanda yake taya kwanon shinkafa yadda ake taya sa a kara, yana cewa, "Hajiya, nawa za ki sallama?" tana ce masa, "Malam, nan ba a albarka," ya kuma nemi gyaran nama bayan ya cinye. Haka ɗan makarantar jami'ar Dutsin-Ma, da ya ga hoton wuri a Facebook ya ja iyayensa, aka ci aka sha, ya ce zai tura kuɗi ta waya, saƙo ya maƙale, mahaifinsa da furfurarsa ya zauna jingina har bayan Isha'i.

Duk wannan abin da ake yi akwai wadda ba ta ce uffan ba tun safe, ita ce uwargida, ko kuwa tsohuwar da aka taho da ita don riƙon yara. Kuɗin adashenta na ƙulle a bakin zani, kuma tun da rana, sa'ad da maza ke gardama a kan ko kura ta fi damisa ƙarfi, ita ta riga ta lura da rumfar da 'yan Adaidaita da leburori suke cika, domin ta san wanda yake cin abinci a waje kullum ba ya komawa inda aka cuce shi. Takan tambayi farashi kafin kowa ya wanke hannu, ba ta jin kunyar haka ko kaɗan. Ta sa a zubo garau-garau a babban faranti guda maimakon ƙanana shida, da mai da yaji. Ta sayi gurasa a tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Ta ƙara da tsire tsinke biyu, ta zare naman da hannunta ta raba wa yara tsoka tsoka, ƙarami ya sami ta tsakiya. Kowa ya ƙoshi, canji ya koma bakin zani. In an koma gida, maigida ne zai zauna a majalisa yana bayanin yadda tadbirinsa ya ciyar da mutum tara a Kano da kuɗi kaɗan, ita kuwa tana jinsa ta katanga tana tankaɗe.

A ganina ita kaɗai ta cancanci riƙe kuɗin abinci, kuma duk mai shirin wannan tafiya ya damƙa mata su tun a tasha, kafin mai balan-balan da mai hoto su gan su. Ku kuma 'yan'uwanmu mazauna Kurna da Ɗorayi, daga ran biyu ga Salla zuwa ran biyar ku riƙa ƙara mudu biyu a tukunya, kuna da baƙi.