Babarbare, Ina Rodin Ya Shiga?

Babarbare, bawana, ina gajiya? Gaisuwa daga Keffi, garin iyayen gidanka. An ce mini tun da aka buɗe gadar sama a tsakiyar Lafia ba ka cire hular kwano ko a wurin ɗaurin aure, kana nuna wa baƙi gadar da leɓe kamar kai ka zuba mata kankare. Na bincika, an ce aikinka a wurin bai wuce tsayuwa a inuwa kana gyaɗa kai ba.

Na san amsarka: me Bafulatani ya sani a harkar gini, mutumin da ke ɗora gidansa a bayan sa ya yi gaba? Na yarda. Sai dai bukkata in ta faɗi, karan dawa ne zai sauka a kaina, in kakkaɓe in nemi fura. Benenka fa?

Kakanka Dunama da ya kafa Lafia bai san siminti ba, da ƙasa ya yi gininsa ya kwana lafiya. Ku jikoki kun ci sa'a. A 1996 aka yi Jihar Nasarawa, Lafia ta zama hedikwata, sannan Jami'ar Tarayya ta zo, ma'aikata da ɗalibai kowa na neman ɗaki. Gari ya miƙe ta hanyar Shendam, ya miƙe ta hanyar Jos da ta Makurdi. Aiki kam akwai shi, amma wa ke cin tsokar? Tagwayen titin da suka tashi daga garinmu suka bi Akwanga da Lafia har Makurdi, kamfanin China Harbour ne ya shimfiɗa su, kai kuwa takardarka ta injiniya daga COREN tana rataye a bango tana shan ƙura. In aka zo ƙarasa gida, mai kuɗi sai ya aika a nemo masa 'yan Togo da 'yan Kwatano su sa tayil su ɗaura silin, wai su ne layinsu ba ya karkacewa. Abin kunya, ga mutumin da aka haifa da miƙaƙƙen zane a fuska!

Na ji kukanka kan tsada, kuma da gaskiyarka. Bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Ƙiyasin da ka rubuta ran Litinin, kafin Juma'a ya yi tsami kamar nonon da ya wuni a rana. Maigida ya ce a rage, kai kuma ka ce to. Rodi mai milimita 16 ya koma 12. Awon kankare na ɗaya, biyu, huɗu ya koma yadda lebura ya ga dama. Bulo kuwa an cika masa yashi har yaro na iya marmashe shi da hannu. Wasu masu gidan ma ba sa kiranka, birkila ɗaya shi ne mai zane, shi ne injiniya, shi ne mai lissafin kaya.

A nan bari in jingine sandata. Ranar 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saint Academy ya rufta a Jos, nan kusa da mu, yara na cikin aji, rayuka 22 suka salwanta. Ƙa'idar gine-gine ta ƙasa tana nan tun 2006, amma takarda ba ta riƙe ginshiƙi. Wanda ke tsaye a wurin ranar zuba dakin, shi ke riƙe shi. In maigida ya ce a rage rodi, ka ce masa ya rage ɗaki ɗaya. In ya ƙi, ɗauki hularka ka tafi. Kwangilar da ta kuɓuce wata za ta zo, sunan da ya rushe kuwa ba ya ɗaukar filasta.

Sannan ga yara suna fitowa daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Isa Mustapha Agwai, kai cike da lissafi, hannu bai taɓa cokalin gini ba. Ka ja su wurin aiki, ka haɗa su da tsofaffin birkiloli, ko nan gaba ma daina jiran motar Kwatano. Gwamna Abdullahi Sule ma injiniya ne, ba ku da hujjar cewa ba a jin yarenku a gidan gwamnati.

Yanzu ga dalilin wasiƙar. Na sayar da bijimai biyu, zan gina ɗakuna uku a Lafia, kuma kai zan ba aikin, don duk tsiyarka ban taɓa jin bangonka ya tsage ba. Amma ka sani, idon da ke ƙirga garke da yamma ba zai kasa ƙirga rodi ba. Maganar kuɗin aiki kuwa, yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa ƙiyasi? Ƙwaryar kindirmo tana jiranka, ka zo da burabuskonka.